KIWO A GIDA: Makon Farko na 'Yan Salwa

A wannan wata za mu duba kiwon salwa, ƙaramar tsuntsuwar nan da ake sayar da ƙwanta a roba. Irin da muke kiwo asalinsa daga Japan ne. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ce ta shigo da shi Nijeriya a 1992, daga can ya yaɗu har ya iso gidajenmu a Kakau da Gonin Gora.

Ƙwan salwa yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 17 ko 18. Ɗan da ya fito bai wuce giram 7 ko 8 ba, kamar babban yatsan mutum. Uwa ba ta renonsa, kai ne uwar. Sau da yawa mutum yakan sayi ɗari, kafin mako ya zagayo ya kwashe gawa da yawa, sai ya ruga kantin magani. A ganina yawancin wannan mutuwa ba cuta ba ce. Ruwa ne, da sanyi, da daɓen akwati.

Mu fara da ruwa, gama shi ne ya fi ban tausayi. Mazubin ruwan kaji rijiya ne ga ɗan salwa. In ya faɗa ciki, ko bai nutse ba, jiƙewar kaɗai ta isa ta kashe shi. Ka sami murfin gwangwani marar zurfi, ka wanke ƙananan duwatsu ka cika shi da su, sa'an nan ka zuba ruwa, don su sha ta tsakanin duwatsun. Kada ruwan ya zama na randa mai sanyi. A rana ta fari a sa ɗan sukari kaɗan, sa'an nan a riƙa sake ruwan safe da yamma.

Sai ɗumi. A makon farko suna bukatar zafi digiri 35 zuwa 37 a ƙarƙashin fitila, daga nan a riƙa rage wajen digiri 3 kowane mako, har su yi gashi a mako na uku ko na huɗu. Ka kunna fitila tun kwana ɗaya kafin su iso. A lura, ƙwan lantarki na zamani mai farin haske ba ya ba da zafi, sai tsohon irin nan mai wat 60 ko 100. Da yake wuta takan ɗauke da tsakar dare, musamman a hunturun Disamba da Janairu, tilas ka tanadi gawayi a tukunyar ƙasa. Ka hura shi a waje, sai ya daina hayaƙi ka shigo da shi, ka kewaye tukunyar da waya, ka kuma bar kafar iska. Gawayi a rufaffen ɗaki yakan kashe tsuntsu, har da mai tsuntsun.

Wanda ba shi da ma'aunin zafi kada ya damu, su da kansu za su faɗa masa. In sun dunƙule ƙarƙashin fitila suna kuka, sanyi suke ji, na ƙasa kuwa danne su za a yi. In sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa. In sun bazu suna ci, lafiya lau. Ka lanƙwasa kwali a kusurwoyin akwatin don kada su sami lungun taruwa.

Kada a shimfiɗa musu jarida ko leda. Santsi yakan buɗe musu ƙafafu, wanda ya gurgunce kuwa ba ya kai ga abinci. Buhun algarara ya fi, bayan mako ɗaya a koma ga buntun shinkafa busasshe.

Dusa ba ta ishe su ba. Suna son abinci mai furotin kashi 24 cikin 100 ko fiye. In ba a sami nasu ba, a sayi abincin farko na kajin nama, a daka shi ya yi laushi, a barbaɗa a faranti. A rufe akwatin da ragar waya saboda ɓera da kyanwa, a kuma hana yara yawan ɗaukarsu, ko da sun yi ta roƙo. Waɗanda suka tsallake mako biyu, matan cikinsu za su soma ƙwai a mako na shida ko na bakwai.