Ya fi shi me? Darasin da Kasuwan Magani za ta ba masu tsara manhaja

Bahaushe ba ya cewa Audu ya fi Bala ya yi shiru, sai fa idan rigima yake nema. Dole ya ƙarasa zancen: ya fi shi tsawo, ya fi shi haƙuri, ya fi shi gona. Harshen da kansa yana tilasta wa mai kwatanci ya ambaci ma'aunin da ya yi awo da shi. Yaron da bai shiga aji ɗaya ba ya san wannan a bakinsa. Abin mamaki shi ne yadda makarantunmu ke karɓar yaron nan su riƙe shi shekara tara a matakin ilimin bai-ɗaya, su sallame shi ya haddace ma'anar kalmomi da yawa, amma ba a taɓa zaunar da shi an koya masa yadda ake ajiye abu biyu gefe da gefe a auna su da adalci ba.

Ina ganin kwatanci fasaha ce da ya kamata a koyar da gangan a kowane darasi, kuma ban san wurin da ya fi nuna amfaninta da haɗarin rashinta kamar Kasuwan Magani ba.

Garin yana ƙaramar hukumar Kajuru, a kan hanyar Kaduna zuwa Kachia, kasuwarsa kuma tana ci ranar Alhamis. Adara da Hausawa da Fulani da sauran ƙabilu suna haɗuwa a cikinta da hatsi da doya da dabbobi. Duk wanda ya tsaya a layin masu hatsi zai ga ana kwatanci tun daga hantsi har la'asar. Uwar da ba ta taɓa riƙe alli ba, ba ta sayen mudun masara don an ce mata ya fi araha. Sai ta duba girman mudun, ta juya shi ta ga ko an buga gindinsa, ta lura ko an cika shi ya yi tozo ko an shafe bakinsa, ta damƙi ƙwayar ta ji ko ta bushe. Ɗanta kuwa yana aji biyar yana fama da lissafin kaso a allo, bai san abin da uwarsa ke yi kenan ba.

Malamin lissafi zai iya haɗa su ba tare da kashe ko sisi ba. Ya aro mudu biyu masu bambancin girma, ya sa wa ɗaya farashin naira 800, ɗayan 900, ya tambayi aji wanne ya fi araha. Kusan kowa zai nuna na 800. Sai ya miƙa musu gwangwanin madara guda ɗaya, su auna kowane mudu da shi, su raba kuɗin da yawan gwangwanin. Idan na 800 ya ɗauki takwas, na 900 ya ɗauki goma, to mai tsadar ne mai arahar. Yaron da ya gano haka da hannunsa ya koyi rabawa, ya kuma koyi abin da ya fi rabawa daraja: lambobi biyu ba sa kwatantuwa sai an mayar da su kan ma'auni ɗaya.

A darasin kimiyya ma haka ne. Manoman citta na Kachia da Jaba da Kagarko ba za su manta da daminar 2023 ba, lokacin da cuta ta ruɓar da amfanin gonaki masu yawa. A irin wannan hali kowa yana da bayaninsa: wani ya ce iri ne, wani taki, wani yawan ruwa. Hanyar rarrabe zato da gaskiya ita ce a canza abu ɗaya kawai, a bar sauran yadda suke. Gwangwani biyu, ƙasa iri ɗaya, irin masara ɗaya, ruwa daidai, a sa wa ɗaya takin gida a hana ɗayan, yara su riƙa auna tsawon tsiron da tsinke kowane mako. Idan wani yaro ya ajiye gwangwaninsa a inuwa, kada malam ya tsawata masa. Ya tambayi aji dalilin da ya sa sakamakon wannan gwangwanin ba zai shiga lissafi ba.

Sauran darussan ba sa buƙatar dogon bayani. A labarin ƙasa, a tambayi yara me ya sa layin dogo ya raya Kafanchan, hanyar mota da kasuwa suka raya garinsu, kuma me ke samun gari idan abin da ya raya shi ya yi rauni. A darasin harshe, yaron da ke jin Adara da Hausa da Turanci ya jera jimla ɗaya cikin harsunan uku, ya ga wanne ke bambanta namiji da mace a ina. Wannan yaron yana da arzikin da ɗan Maitama mai harshe ɗaya ba shi da shi, ko da yake ba a taɓa gaya masa ba.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne tarihi da zaman jama'a. Ranar Alhamis 18 ga Oktoban 2018 rikici ya ɓarke a Kasuwan Magani, rundunar 'yan sanda ta ce mutum 55 suka mutu, rahotanni kuma suka danganta farkonsa da taƙaddamar masu turin baro a kasuwa. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai birnin Kaduna, aka sa dokar hana fita. Ba na cewa darasin makaranta zai hana irin wannan. Tushen rikicin kudancin Kaduna yana cikin batun ƙasa da sarauta da rashin hukunta masu laifi, kuma malamin firamare ba shi ne zai warware su ba. Amma duk wanda ya zauna a yankin ya san irin zancen da ke yawo kafin a zare makami: su an yi musu kaza, mu ba a yi mana ba, namu aka kashe da yawa, su gwamnati ke so. Kowace jimla a nan kwatanci ce da aka yanke mata wutsiya. Matashin da ya saba tambayar da wane ma'auni, a wane lokaci, wa ya ƙirga, ya fi wuyar ingizawa da saƙon WhatsApp.

Akwai masu ganin cewa kwatanci a irin wannan wuri wasa da wuta ne, domin da an ce a kwatanta al'adar aure ta Adara da ta Hausawa, yara za su koma gardamar wace ta fi. Tsoron yana da tushe, kuma shi ya sa ba zan ba malamin da ba a horar ba shawarar ya fara da addini ko ƙabila. Ya fara da mudu da gwangwani. Sai yara sun saba da cewa bambanci daban, fifiko daban, sannan a kai su ga labari biyu na aukuwa ɗaya, a ce su fitar da inda suka yi tarayya, da inda suka saɓa, da abin da kowanne ya tsallake. Yin shiru ba ya hana yara kwatanci. Suna yi a hanya da gida, ba mai gyara musu awo.

Ma'aikacin tarayya da ke karanta wannan a Abuja ya san ciwon a aljihunsa. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 a 2019 zuwa 70,000 a 2024. A takarda ya ninka har da ɗori. Amma litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin 29 ga Mayun 2023 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. Wanda ya raba albashin da farashin lita ya yi daidai abin da yaron Kasuwan Magani ya yi da gwangwanin madara. Haka nan hadimin da ke shirya wa minista takarda, idan ya jera kasafin ilimi na jihohi biyu bai raba da yawan ɗalibai ba, ya miƙa wa maigidansa mudu mai bugaggen gindi.

A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja mai rage yawan darussa, don haka ba sabon darasi nake roƙo ba. Jadawalin ba ya buƙatar ƙarin kaya. Hukumar NERDC da ke Sheda za ta iya sa aikin kwatanci ɗaya a kowane zango cikin littafin jagorar malami, da misalan da za a samu a kasuwar kowane gari. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa tana nan cikin Kaduna, tafiyar da ba ta da nisa daga Kajuru, kuma kuɗin horon da ke bi ta hukumar UBEC zuwa jihohi zai iya ɗaukar wannan. Jihar Kaduna ta sallami malaman firamare fiye da 21,000 bayan jarrabawar cancanta ta 2017. An gwada abin da suka sani a lokacin, amma waɗanda suka gaje su har yanzu suna buƙatar a nuna musu yadda ake tafiyar da aji mai cunkoso ba tare da karatun haddar baki ɗaya ba.

Mataki mafi tasiri yana hannun masu shirya jarrabawa. Malami yana koyar da abin da za a tambaya. Muddin takardar kammala ƙaramar sakandare da ta NECO suna ba da mafi yawan maki ga wanda ya lissafo abubuwa biyar daga ka, haddar za a ci gaba da yi. A ware wani kaso na makin ga tambayar da ke ba ɗalibi farashi biyu, ko jadawalin ruwan sama na Kafanchan da na Kano, ko rahoto biyu na aukuwa ɗaya, a ce ya faɗi ma'aunin da ya zaɓa da dalilinsa kafin ya yanke hukunci.