KASUWAR TSORO: SUN BAR IDO, SUN KOMA KUNNE

Duk wanda ya san daren Bauranya ya san irin shirunsa. Da an idar da sallar Isha'i, janareton mai caji ya mutu, ba abin da ya rage sai kukan gyare da haushin kare daga nesa. To, a cikin wannan shiru ne yau ake samun saurayi kwance a shago ko a zaure, ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, yana kallon fim ɗin da ya biya aka tura masa a waya. Babu rawa a ciki, babu waƙa, babu ma faɗa. Ɗaki ne mai duhu, sai takun ƙafa, sai numfashi, sai wata murya can ƙasa-ƙasa. Idan fim ya ƙare, saurayin nan da ke iya kwana a gona ba ya iya fita tsakar gida ya kama ruwa. Wannan ita ce sabuwar hajar da ya wajaba 'yan uwa matasa su san asalinta.

Da farko dai, sana'a ce, kuma ribarta ta wuce hankali. A 1999 wasu matasa a Amurka suka fitar da The Blair Witch Project. Har fim ya ƙare ba a nuna mayyar ba ko sau ɗaya, sai ƙarar tsinke da ihu a daji, amma ya tara kusan Dala miliyan 250. A 2007 wani mai suna Oren Peli ya fitar da Paranormal Activity wanda ya ɗauka a cikin gidansa da kimanin Dala 15,000, ya samo sama da Dala miliyan 190. A 2025 kuma aka nuna Undertone na Ian Tuason a bikin fina-finai na Fantasia da ke Montreal ta ƙasar Kanada. Labarin wata mace ce da ke jinyar mahaifiyarta a gida ɗaya, tana sauraron wasu muryoyi da aka naɗo aka aiko, a hankali abin da take ji ya mamaye gidan. Darasin da 'yan kasuwar suka koya ɗaya ne: ƙera dodo yana cin kuɗi, amma sauti araha gare shi. Su dai su ba da ƙara, mai kallo shi zai ƙera dodon a cikin kansa, kuma shi zai biya.

Me ya sa kunne? Saboda ido yana da marfi, kunne ba shi da shi. Mai barci ma kunnensa a buɗe yake yana gadi. Kunnen ɗan Adam yana kama sautin da ke girgiza daga kimanin sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa. Abin da ya gaza 20 da wuya a ji shi, amma jiki na iya ɗaukarsa. A 1998 wani injiniya a Ingila, Vic Tandy, ya bayyana yadda ma'aikata suka riƙa jin kamar akwai wani abu tare da su a ɗakin aikinsu. Da ya bi diddigi sai ya tarar da wata fanka ce ke fitar da girgiza kusan sau 19 a daƙiƙa. Da aka gyara ta, sai "fatalwa" ta yi ƙaura. Masu haɗa sautin fim sun san irin wannan sarai. Sukan shimfiɗa gurnani a ƙarƙashin hoto, su ja shiru har zuciya ta fara bugawa, sannan su saki ƙara.

Wanda ke tsammanin muryar aljani yake ji, to ga yadda ake dafa ta. A fim ɗin The Exorcist na 1973, wanda ya ci lambar Oscar a fannin sauti, muryar shaiɗanin ta wata 'yar wasa ce, Mercedes McCambridge, wadda ta riƙa haɗiyar ɗanyen ƙwai da zuƙar taba don muryarta ta dushe. Aka cakuɗa da kukan ƙudan zuma da ihun aladu. Kuma da me aka buɗe fim ɗin? Da kiran sallah a ƙasar Iraƙi, kafin a tono gunkin da zai kawo bala'in. Wato sautin da ke kiran Musulmi zuwa ga rabauta, shi aka ɗora a ƙofar labarin shaiɗan. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

Kada wani ya ce wannan ciwo na Turawa ne kaɗai. Ƙasar Hausa ta riga ta ɗanɗana. A ƙarshen 1995 ɗaruruwan 'yan mata a makarantun sakandare na Kano suka riƙa faɗuwa, aka ce wata aljana ce mai suna Sumbuƙa. Ba a jima ba kaset ɗin ruƙiyya ya shiga kasuwa, ana sauraron muryar da aka ce tata ce a shaguna da motocin haya. Jarrabawar 'ya'yan mutane ta zama abin sayarwa. A 2004 kuma jita-jita ta game Nijeriya wai akwai lambobin da in mutum ya amsa kiransu sai ya mutu, har sai da kamfanin waya ya fito ya ƙaryata. Tsoron da ya shiga ta kunne ya fi wutar daji gudu.

Za a ji mai cewa, ai nishaɗi ne kawai. Wane irin nishaɗi ne zai hana mutum barci har Asuba ta kuɓuce masa? Wani kuma ya ce, ai yana ƙara imani da gaibu. Wannan ita ce babbar yaudarar. Musulmi ba ya musun aljanu. Sura guda Allah Ya saukar da sunansu. Amma a aya ta shida ta wannan sura an ba da labarin mazajen da suka riƙa neman tsari da aljanu, kuma abin bai amfane su da komai ba. A Suratul Isra'i, aya ta 64, an ambaci murya cikin makaman Iblis, a aya ta 36 kuma an sanar cewa ji abin tambaya ne ranar Alƙiyama. Fim ɗin tsoro yana koyar da akasin tauhidi: a cikinsa aljani ne mai iko, addu'a ba ta ci, mai ibada shi ake fara kayarwa. Zuciyar da aka cika da tsoron halitta, ina za ta sa tsoron Mahalicci?

Kuma ɓarnar ba a kan mai kallo take tsayawa ba. Saurayin da aka horar ya ga aljani a bayan kowace ƙara, shi ne gobe idan ƙanwarsa ta faɗi da farfaɗiya, ko zazzaɓin cizon sauro ya hau kan ƙanensa yana sambatu, zai ce iska ce. Maimakon asibitin Kankiya sai a nufi gidan boka, ko wajen ɗan damfara mai rawani da ya mai da ruƙiyya kanti. Shi ne kuma zai nuna wata tsohuwa marar gata ya ce mayya ce. Nawa aka tozarta ta wannan hanya?

Abin da ya fi ciwo shi ne, Jihar Katsina ba ta rasa abin tsoro na gaskiya ba. A watan Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara cikin dare, kuma ba aljanu ne suka kwashe su ba. Mutanen ƙauye sun san ma'anar ƙarar babura da tsakar dare. A irin wannan ƙasa, kunnen saurayi amana ce ta gari. Wanda ya toshe shi yana sauraron takun ƙarya, yaya zai ji takun gaske? Azzalumi ba abin da yake so kamar matasa matsorata, waɗanda motsin ɓera ke sa su shige bargo.

Saboda haka gyara yana hannun matasan Bauranya, Kusada da Kankiya da kansu. Wanda ke da irin wannan kaya a wayarsa ya goge, ya daina turawa abokai. Masu sana'ar tura fim su tuna cewa yara ƙanana na cikin masu saye. Malaman zaure da na Islamiyya su karantar da babin aljanu da ilimi, su bambanta wa mutane ruƙiyyar shari'a da tsibbu, su kuma faɗa a fili cewa farfaɗiya ciwo ce mai magani a asibiti. Mai kwanciya ya rufe darensa da Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi kamar yadda Manzon Allah (S) ya koyar, ya bar kunnensa a buɗe don kiran Assalatu da kiran maƙwabci.

Allah Ya cire tsoron kowa daga zukatan matasa, Ya bar nasa Shi kaɗai. Wassalam.