Ra'ayinmu: Na'ura ta iya lissafi, to wa zai karanta kasuwa?

Duk wanda ya ziyarci Safo a ƴan shekarun nan, ya zauna bakin hanya bayan la'asar, zai ga wani sabon irin manomi cikin masu dawowa daga garaken Gulbi. Tafin hannunsa bai gama yin kanta ba, Faransancinsa ba shi da tangarɗa, kuma in ka matsa shi da tambaya zai gaya maka cewa a ɗaki, cikin akwati, akwai takardar shaidar karatun lissafin kuɗi. Da can a Maraɗi yake, wurin wani Alhaji, yana riƙe da littafin shiga da fita. Ba a kama shi da sata ba, ba a kuma yi faɗa ba. Ɗan Alhaji ne ya dawo daga makaranta da kwamfuta a hammata, abin da akawu ke kwana uku yana tattarawa ya fito kafin shayi ya huce, sai Alhaji ya yi nasa lissafin: don me zai ci gaba da ciyar da mutum kan aikin da na'ura ke yi ba albashi, ba goron salla?

Ba mu ga laifin wannan tambaya ba. Ɗan kasuwa ne ya yi ta, kuma ɗan kasuwar da bai yi ta ba, bai daɗe a kasuwa. Amma amsar da ake ba ta cikin gaggawa, ita ce ke damunmu, domin ta shafi dubban mutane: akawun ƴan kasuwa, masu fitar da kaya a duwan, sakatarorin ofis, da ma'aikatan gwamnati da ke ganin kamar wutar ba za ta iso gemunsu ba.

A tuna yadda aikin ya samo asali. Alhazan Maraɗi, waɗanda mai binciken nan Bafaranshe Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, sun tara dukiyarsu da cinikin gyaɗa, daga baya da kayan da ake saukewa a tashar Kwatano a ratsa da su zuwa Nijeriya. Yawancinsu karatun allo suka yi, lissafinsu a ka yake, jarinsu na gaske kuwa amana ce tsakaninsu da abokan ciniki na Katsina da Kano. Amma banki da duwan da ofishin haraji ba su jin Hausa a takarda. Dole aka nemi ɗan lakkol da zai tsaya tsakani, ya cika fom, ya rubuta wasiƙa, ya jera lambobi yadda hukuma ke so. Wannan ne gurbin da yaran ƙauyuka irin su Safo suka samu, suka gina gidaje, suka kai iyaye Makka. Wato tun farko abin da ake biyansu dominsa shi ne iya rubutu da iya harshen hukuma, kuma waɗannan biyun su ne na'ura ta fara karɓewa.

Ta karɓe su ne sannu a hankali, a gaban idon kowa. Tsarin SYDONIA, wanda hukumar ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara ƙerawa a 1981 bisa roƙon CEDEAO, ya mai da takardar duwan abin da ake bugawa a kwamfuta, na'ura ta fitar da kuɗin fito da kanta. Tsarin lissafi na bai ɗaya na OHADA, wanda sabon fasalinsa ya fara aiki a 2018, yana cikin manhajoji a shirye, kowace lamba da mazauninta. Tun 2021 hukumar haraji ta tilasta rasit mai hatimin na'ura, wanda ke lissafa TVA na kashi 19 cikin ɗari ya kuma sanar da ofis ba tare da kowa ya taka ƙafa ba. Kuɗin da a da ake ɗaure wa yaron Alhaji a ƙugu ya bi mota, yau Nita da Al Izza da Amana ke kai shi cikin minti. Sannan a ƙarshen 2022 ChatGPT ya fito, shi da ƴan'uwansa, suna rubuta wasiƙar neman bashi da Faransancin da ya fi na wasu daraktocinmu tsabta. Wanda ya ga yadda wayar salula, tun zuwan Celtel a 2001, ta rufe rumfunan buga waya ɗaya bayan ɗaya, bai kamata wannan ya zo masa da mamaki ba.

To me ya rage? Abin da ya rage shi ne abin da tun asali ya fi tsada, sai dai ba a taɓa ba shi suna ba, ba a kuma taɓa biyan kowa dominsa ba: karanta kasuwa. Turawa suna da ma'aikaci na musamman don wannan, mai nazarin kasuwanci, wanda aikinsa shi ne ya dubi lambobin kamfani, ya saurari masu aiki da masu saye, ya ce ga inda kuɗi ke zurarewa, ga abin da ya kamata a sauya. A nan kan iyaka, tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa da Jibiya, babu aikin da ya fi wannan amfani, domin ribar ɗan kasuwarmu ba a kanti ake yanke ta ba sau da yawa. Ana yanke ta a Abuja, a Yamai, wani lokaci a Dakar.

Dattawa ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Wanda ya kwana da bashin masu kaya na Turai ya wayi gari bashinsa ya ninka, wanda ya kwana da shanu da wake da albasa ya wayi gari kayansa sun yi farin jini a ƙetare. Littafin kowannensu daidai yake, babu kuskuren tarawa ko ɗebewa. Bambancin yana wurin wanda ya ji ƙishin-ƙishin ya shirya. A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020, shinkafa ta yi ta cin kuɗin ajiya a sito. A ƙarshen Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur a Nijeriya, sana'ar masu sayar da mai a kwalba ta girgiza har Safo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya sake rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. A Oktoban 2024 kuma gwamnatinmu da kanta ta hana fitar da gero da dawa da masara da shinkafa da wake zuwa ko'ina in ban da Mali da Burkina Faso. Cikin shekaru biyar da ƴan watanni, sau nawa ke nan ƙasa ta motsa ƙarƙashin ƙafar ɗan kasuwa?

A ɗauki misali ɗaya, mai sauƙi. Alhaji ya ba abokin cinikinsa na kasuwar Dawanau kaya bashi a watan Mayun 2023, aka ƙulla da naira, lokacin da dala take wajen naira 750 a hannun ƴan canji. Mutumin kirki ne, ya biya cif a Fabrairun 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500. Kwamfuta za ta rubuta an biya, babu saura, kuma ba ta yi ƙarya ba. Amma sefa a ɗaure take da yuro, saboda haka ranar da Alhaji ya kai nairarsa canji zai tarar wajen rabin kuɗinsa ya narke. Akawun da ya cancanci albashinsa shi ne wanda tun ranar ƙulla ciniki zai ce: Alhaji, a ƙulla da sefa, ko a gajarta wa'adi, ko a karɓi biyan da kaya. Na'ura tana iya yin wannan lissafin, har ta fi shi sauri, in an tambaye ta. Sai dai wanda bai san akwai rami ba, ba ya tambayar zurfinsa. Ba ta kuma san cewa wane ba ya saɓa alkawari ko da zai sayar da gida ba, wane kuwa sai an bi shi har zaure. Ba ta san hanyar Gabi ba ta biyuwa bayan magariba saboda ƴan bindiga. Ba ta san Gulbi ya kawo ruwa bana har ya cinye garake ba, sai wani ya shigar mata.

A nan ne za mu faɗa wa akawu gaskiya, ko da za ta yi ɗaci. Da yawa daga cikinku kun mai da rashin karatun Alhaji gonarku. Kun riƙe takardu kamar laya, kuna ba da amsa da Faransanci don kada a gane, kuna jin cewa muddin ba wanda ya san inda kuka ajiye fayil, ba mai iya korarku. Wannan zamanin ya wuce, kuma ba mu yi masa kuka ba. Wanda ke son ya zauna a kujerarsa sai ya riga ɗan Alhaji iya manhajar, ya daina ganin ta a matsayin kishiya. Sai ya san dokar duwan ta ɓangarorin biyu, ya san farashin Dawanau da na Jibiya kamar yadda ya san na babbar kasuwar Maraɗi, ya koyi Ingilishin da zai karanta sanarwar babban bankin Nijeriya ranar da ta fito. Sama da duka, sai ya iya mai da shafi goma na lambobi magana uku ta Hausa da Alhaji zai yanke shawara a kanta kafin ya tashi daga tabarma. Ya kuma koyi bincikar abin da na'ura ta ba shi, domin waɗannan sababbin manhajoji masu hira suna ƙaga doka da lamba da cikakken ƙarfin hali, kuma ranar da sufeton haraji ya zo, ba na'ura zai ci tara ba.

Alhazai ma suna da nasu kason. Ba a ɗaukar mutum a matsayin bara, a ba shi abin da aka ga dama ƙarshen wata, sannan a sa ran zai buɗe baki ya ce wannan cinikin asara ne. Shawara tana buƙatar albashi sananne da kunnen da zai saurara. Gidajen kasuwanci nawa ne a Maraɗi suka watse shekara biyu bayan rasuwar mai su, saboda duk lissafin a kansa yake, an kuma binne shi da shi? Kwamfuta a hannun ɗa ba ta maganin wannan in ɗan bai san dalilin da ya sa uban ke ba wane bashi yana hana wane ba.

Sai gwamnati, wadda ta fi kowa son na'ura in dai ta karɓar haraji ce. Ba mu ƙi ba: rasit mai hatimi da takardar duwan ta kwamfuta suna toshe ƙofofin na goro, kuma mun lura cewa masu kukan na'ura ta lalace a wasu ofisoshi ba kullum ne suke baƙin ciki da lalacewar ba. Amma hukumar da ta tilasta wa ɗan kasuwa na'ura, wajibinta ne ta ba shi wuta da intanet. A Agustan 2023, da Nijeriya ta yanke lantarkin da a lokacin shi ne mafi yawan abin da ƙasar nan ke sha, kowa ya ga yadda ofis na zamani ke komawa rumfa. Ma'aikacin da aikinsa duka shi ne kwafe lambobi daga wannan rajista zuwa waccan, shi ma ya sani cewa albashin gwamnati ba katanga ba ne. Waɗanda suka yi aiki a shekarun 1990 sun san yadda ake jera watanni ba a ga ko dala ba. Horar da shi tun yanzu ya fi arha bisa biyansa yana zaune yana kallon allon da bai iya ba.

Muna kuma tambayar Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da sauran makarantun koyon lissafin kuɗi: ɗalibi nawa kuka tura ya yi wata guda wurin ƴan canji, ko a duwan ɗin Ɗan Isa, ko wurin ƙungiyar manoman rani? Tun Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa. In da gaske ake, a fara da fom ɗin haraji da bayanin rasit, ɗan kasuwa ya karanta da kansa, akawu kuma ya sami lokacin yin aikin da ya fi cika fom.

Mu koma Safo. Wancan saurayi da ya dawo garka bai rasa abin nazari ba, ko da bai lura ba. Maƙwabtansa suna noman zogale da tumatir da aya, suna sayarwa ga dillalin da ya fara isowa, ba wanda ya taɓa lissafa musu kuɗin man injin ban ruwa da taki da mota a kan kowane buhu, balle ya gaya musu wane wata ne ajiya ta fi sayarwa. Ƙungiyoyin mata masu asusu suna neman wanda zai shirya musu takardar bashi da ba za ta shaƙe su ba. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Katsina zuwa Jibiya zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021. Ranar da jirgi ya fara sauke kaya, kuɗin dako zai sauya, wasu sito za su mutu, wasu kasuwanni su tashi, masu manyan motoci su sake lissafi. Muna kira ga majalisar ƴan kasuwa ta Maraɗi da ta tara Alhazai da akawunsu da ma'aikatan duwan a ɗaki ɗaya, tun kafin wannan rana, a baje lambobin a tebur a duba wa zai ci, wa zai biya.