Wasiƙa Zuwa Ga Likitocin Dashen Ƙoda

Ya ku 'ya'yana, ban jahilci ɗawainiyarku ba, domin tun da aka fara dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a 2002, Allah Ya raya bayinSa da dama ta hannunku. Allah Ya saka da alheri.

Sai dai akwai wani sakaci da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Majiyyaci ya zo, ku auna jininsa, ku karanta takardar gwaji, ku sallame shi ba tare da kowa ya ce masa ya buɗe baki ba, alhali kun sani sarai cewa saikulosforin da kuke ba shi don kada jiki ya ƙi baƙuwar ƙoda yakan sa dasashi ya yi tsiro, ya faro daga tsakankanin haƙoran gaba, galibi cikin watanni uku na farko, har ya haura ya lulluɓe su. Tun 1983 aka rubuta wannan illa. Sa'an nan ku ɗora masa nifedifin ko amlodifin saboda hawan jini, waɗanda su ma halinsu ke nan.

Na ga budurwa da ta daina dariya sai ta kare baki da gefen mayafi, asuwaki ma ta bari saboda jini, datti ya taru, kumburi ya ƙaru, har kunya ta sa ta riƙa tsallake magani a ɓoye, ga kuwa ƙodar yayanta ce a jikinta. Wannan ne kuke kira ƙaramar illa? Subhanallahi! Shehun tiyata Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Andalus, da duk girmansa, bai raina baki ba: a cikin At-Tasrif ya siffanta ƙarafan kankare dattin haƙori da yadda ake yanke tsiron dasashi. Malamanmu ma ba su sallamar mutum sai sun leƙa bakinsa. Yanzu takarda ake dubawa, mai ita yana zaune.

Ku gafarce ni in na zafafa. Roƙona dai ku tura kowa wurin likitan haƙori tun kafin dashe, a tsabtace masa baki. In tsiro ya bayyana, ku duba yiwuwar komawa takurolimus ko sauya maganin hawan jinin kafin a kai ga wuƙa, ku kuma gargaɗe shi da babbar murya kada ya taɓa rage magani da kansa.