Man shafawa na itace da sankarar fata: darasin da ke cikin labarin Picato

Masu sauraronmu na karkara da ƴan uwa da ke ci-rani, sharhinmu na yau a kan sankarar fata ne, da mayukan itace da ake cewa suna warkar da ita. Maganar ta shafe mu, domin zabiyoyinmu, waɗanda rana ke ƙona wa fata tun suna yara, su wannan cuta ta fi kamawa. Baƙin mutum ma bai tsira ba: takan fito masa a tafin ƙafa, ko a tsohon gyambo, ko a tabon ƙuna da ya daɗe.

Ba ma raina itace. Vincristine, da ake yi wa yara masu sankarar jini allurarsa, daga wata fulawa ta Madagaska aka samo shi. Paclitaxel kuma daga ɓawon wani icce na Amurka. To, me zai hana a samu na shafawa?

An samu. A shekarar 2012 hukumomin magunguna na Amurka da na Turai suka amince da wani mai da ake kira Picato, na kamfanin LEO Pharma na ƙasar Danmak. An samo sinadarinsa ne daga ruwan wata ciyawa ƴar dangin aguwa da tinya, aguwar nan da muke shinge da ita. Ana shafa shi kwana 2 ko 3 a kan ƙuraje masu kaushi da rana ke haifarwa, waɗanda kan iya rikiɗewa su zama sankara. Amma da aka bi marasa lafiya shekara 3, sai aka ga 15 cikin 240 da suka shafa shi sun kamu da sankarar fata, alhali cikin 244 da suka shafa wani mai daban, 5 ne kawai. A 2020 Turai ta dakatar da shi, aka janye shi daga kasuwa.

Ku duba fa, wannan magani ne da aka auna, aka gwada, lokotoro ke rubuta shi, amma sai bayan shekaru illarsa ta bayyana. Ina ga wanda aka zuba a kwalba ba suna, ba awo?

Abin da ke ba masu bincike wahala shi ne fatar kanta. Allah ya yi ta katanga, ba ta barin abu ya ratsa da sauƙi. Sinadarin da ke cikin kurkum, alal misali, yana kashe ƙwayoyin sankara a ɗakin gwaji, amma ba ya narkewa a ruwa, ba ya shiga fata sosai. Shi ya sa ake ƙoƙarin lulluɓe shi cikin ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyin mai don ya kai ciki. Yawancin wannan aiki har yanzu a kan ɓeraye yake.

Akwai kuma masu ƙona fata. A Amurka da Ostareliya hukumomi sun yi kashedi game da wani baƙin mai da ake haɗawa da saiwar wata ciyawa, ana sayar da shi ta intanet. Yana cinye saman fata, ɓawo ya faɗi, mutum ya ɗauka ya warke, alhali cutar na ci gaba a ƙasa. Ruwan tinya da na tumfafiya ma ƙuna suke yi, kuma in suka shiga ido suna iya ɓata shi.

Saboda haka muke cewa: ƙurji ko miki da ya yi wata guda bai warke ba, ko yana jini, ko yana girma, a kai shi likita. In an kama shi da wuri, sau da yawa ƴar tiyata ce ke cire shi. In ya yi nisa, sai an dangana da cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai, wadda ta fara gashi da na'ura a 2021, tafiyar sama da kilomita 600 daga Maraɗi.

Ƴan uwa na waje, kuɗin da za ku sayi man Facebook da shi, ku aiko a yi na mota zuwa likita. In akwai zabiya a gida, ku aiko da malfa, riga mai dogon hannu da man kariya daga rana mai lamba 50.

A watan Satumbar 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan man kariya cikin jerin magungunan dole. Muna roƙon ma'aikatar kiwon lafiya ta bi sahu, ta kai shi har likitocin ƙauye, ta kuma sa ido a kan masu tallan maganin sankara a kasuwanni da gidajen rediyo.