Cinikin Biri a Sama: Shin Shaidar Masu Saye a Kantunan Intanet Abin Dogaro ce?

Hausawa tun kaka da kakanni sun ƙi jinin cinikin biri a sama. Wanda ya je Dawanau sayen hatsi sai ya cusa hannu cikin buhu ya ɗebo daga ƙasa, wanda ya je Kantin Kwari kuwa sai ya murza yadi da yatsu kafin ya yi tayi. To, amma ga zamani ya kawo kantunan intanet irin su Amazon da Jumia da Konga, inda mutum zai biya kuɗin abin da hotonsa kawai ya gani. Da yake gani ya gagara, sai aka koma ga ji. A ƙarƙashin kowace haja akwai wurin da waɗanda suka riga suka saya kan rubuta ra'ayinsu, su kuma ba ta maki da taurari daga 1 zuwa 5. Kamfanin Amazon ya fara wannan tsari tun 1995, yau kuma da wuya a ga kantin da ba ya yin haka.

Abin tambaya shi ne, shin masu waɗannan kantuna suna yin adalci wajen bugawa da tace wannan shaida? Ra'ayina shi ne har yanzu da sauran aiki, domin an bar mai haja ya zama shi ne alƙalin shaidun da ake bayarwa a kan hajarsa. Hujjojina kuwa daga darussan da muke koyarwa a ilimin halittu na ɗauko su.

Wa ya Shiga Koma?

Darasi na farko shi ne na ɗibar samfuri. Idan masunci ya jefa koma mai manyan idanu a tafki, duk ƙananan kifaye za su zurare. Idan ya dawo ya ce babu ƙaramin kifi a tafkin, labarin komarsa ya ba mu, tafkin kuwa yana nan da sirrinsa. Haka shaidar masu saye take. Yawancin waɗanda suka sayi kaya ba sa rubuta komai. Masu rubutu galibi su ne waɗanda abin ya burge su ƙwarai da waɗanda ransu ya ɓaci ƙwarai. Masu bincike sun daɗe da lura cewa idan aka zana jadawalin makin kaya a irin waɗannan kantuna, sai a ga tudu babba a kan tauraro 5, ɗan ƙaramin tudu a kan tauraro 1, tsakiya kuma kwari ne. Ke nan tun kafin wani ya yi maguɗi, samfurin ya riga ya karkata.

Bugu da ƙari, mutane kan bi sahun wanda ya riga su. A shekarar 2013 mujallar Science ta buga wani gwaji da Lev Muchnik da Sinan Aral da Sean Taylor suka gudanar a wani dandalin labarai. Sun zaɓi wasu rubuce-rubuce ba tare da duba ingancinsu ba, suka ba su ƙuri'ar yabo ɗaya tak tun da fari. Wannan ƙuri'a guda ta ƙara yiwuwar mai karatu na gaba ya yaba da kashi 32 cikin 100, daga ƙarshe kuma makin waɗannan rubuce-rubuce ya ɗara na sauran da kimanin kashi 25 cikin 100. Duk wanda ya iya juya shaidun farko, to ya riƙe akalar na baya.

Rijiya ta Bayar, Guga ya Hana

Matsala ta biyu ta fi ta farko muni, domin da gangan ake yin ta. A watan Janairu na 2022, Hukumar Kula da Ciniki ta Tarayyar Amurka, wato FTC, ta sanar da cewa kamfanin sayar da tufafi mai suna Fashion Nova ya amince zai biya dala miliyan 4.2. Zargin shi ne daga ƙarshen 2015 zuwa Nuwamba 2019, kamfanin ya saita na'urarsa ta riƙa buga shaidar masu tauraro 4 da 5 nan take, masu ƙasa da haka kuma a ajiye su sai an duba. Dubban ɗaruruwa daga cikinsu ba a taɓa buga su ba. Kamfanin ya musanta zargin, amma dai ya biya.

Bari mu yi ɗan lissafi don a ga ƙarfin wannan dabara. A ce mutum 100 sun yi shaida a kan wani takalmi: 60 sun ba shi tauraro 5, 10 sun ba shi 4, 10 sun ba shi 3, sauran 20 kuma da takalminsu ya yage sun ba shi 1. Jimillar maki 390 ke nan, matsakaici kuwa 3.9. Yanzu a cire duk wanda ya gaza tauraro 4. Saura mutum 70 da maki 340, matsakaici ya tashi zuwa kusan 4.9. Ba a ƙirƙiri ko kalma ɗaya ta ƙarya ba, kowace shaida da ta rage ta gaskiya ce, amma duk da haka an yaudari mai saye. Ɗalibin da ya shuka wake 100, ya zubar da waɗanda ba su tsiro ba, sannan ya rubuta a littafin gwajinsa cewa irin nan duk yana tsirowa, kowane malami ya san makin da zai ba shi. Kimiyya ma ta sha fama da wannan cuta ta ɓoye sakamakon da bai yi daɗi ba, shi ya sa tun daga 2005 manyan mujallun likitanci suka ƙi karɓar rahoton gwajin magani a kan mutane sai an yi masa rajista tun daga farko.

Ƙudan da ya Ari Rigar Rina

Matsala ta uku ita ce shaidar zur. Wani masanin halittu ɗan Ingila, Henry Walter Bates, ya shafe shekara 11 a dazuzzukan kogin Amazon, daga 1848 zuwa 1859, yana nazarin malam-buɗe-littafi. Ya gano cewa wasu nau'o'in da ba su da guba suna kwaikwayon launin masu guba, don tsuntsaye su ƙyale su. Haka ma akwai wani irin ƙuda mai ratsin baƙi da rawaya kamar rina, alhali ba shi da ƙari ko kaɗan. Abin lura a nan shi ne dabarar tana ci ne muddin masu kwaikwayon ba su yi yawa ba. Da zarar sun rinjayi na ainihi, tsuntsu zai gane cewa launin ba ya nufin komai, daga nan sai ya far wa kowa, har da mai gubar gaske.

Shaidar da aka saya da kuɗi ita ce wannan ƙuda. A 2017 wani marubuci a Landan, Oobah Butler, ya sa abokansa suka yi ta yabon wani gidan abinci da babu shi, ɗan ɗakin bayan gidansa ne kawai, har ya zama na ɗaya a birnin a dandalin TripAdvisor. A 2021 Amazon ya kori tamburan kaya kusan 600 na ƙasar Sin saboda maguɗin shaida, a watan Yuli na 2022 kuma ya kai ƙarar masu kula da zaurukan Facebook fiye da 10,000 da ake cinikin yabo a cikinsu. Akwai ma wata dabara ta ɗauko yabon da aka yi wa wata tsohuwar haja a liƙa wa sabuwa; a kan haka ne FTC ta ci kamfanin Bountiful, mai sayar da ƙwayoyin bitamin, tarar dala 600,000 a 2023. Wanda ya fi cutuwa a nan shi ne ɗan kasuwa mai gaskiya, domin idan tauraro ya zama banza, kayansa masu kyau ba su da sauran abin da zai bambanta su da na algus.

Hanzarin Masu Kantuna

Adalci ne a saurari ɓangaren masu kantuna. Suna cewa tacewa dole ce, kuma gaskiyarsu. Akwai mai zagi, akwai ɗan kasuwar da kan hayo mutane su kushe kayan abokin gasarsa, akwai wanda mai babur ya makara wajen kawo masa saƙo sai ya huce a kan hajar. Amazon ya ce a 2023 kaɗai ya toshe shaidu fiye da miliyan 250 da yake zargin na bogi ne. Ba ƙaramin aiki ba ne wannan.

Sai dai kowace rariya tana da kuskure iri biyu, kamar gwajin zazzaɓin cizon sauro: wani lokaci ya ce mai lafiya yana da cutar, wani lokaci ya ce mai cutar lafiyarsa lau. Idan aka matse rariyar, shaidar gaskiya za ta maƙale. Idan aka sassauta, ta ƙarya za ta wuce. A asibiti, masu bincike na waje kan auna yawan kowane kuskure su buga kowa ya gani. A kantin intanet kuwa, mai rariyar ne kaɗai ya san abin da ya tsaya a cikinta, kuma yana cin riba a kan kowane ciniki. Yabon ƙarya da ya kuɓuce masa yakan ƙara ciniki a yau, kukan gaskiya da ya buga kuma yakan rage shi. Ba sai mutum ya zama mugu ba kafin hannunsa ya karkata zuwa inda aljihunsa yake. Shi ya sa ba a ba kura ajiyar nama, ko da ta rantse ta tuba.

Abin da ya Kamata a Yi

Hukumomin wasu ƙasashe sun farga. Tun daga Mayu 2022 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa kantuna su bayyana ko suna tabbatar da cewa masu shaida sun sayi kayan da gaske, da kuma yadda suke yin hakan. A Oktoba 2024 ƙa'idar FTC da ta haramta saye da sayar da shaidar bogi ta fara aiki a Amurka, Birtaniya kuma ta bi sahu a Afrilu 2025. A Nijeriya muna da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta FCCPC, wadda aka kafa bisa dokar 2018, kuma ya dace ta fitar da ƙa'ida bayyananniya a kan wannan batu. Haka nan mai saye yana bukatar kariya idan ya faɗi gaskiyarsa. A 2023 an kama wata mata a Legas bayan ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani ya cika zaƙi. Duk yadda shari'a ta kaya, mutane da yawa sun ɗauki darasin cewa shiru ya fi, kuma shirun nan ma karkata samfuri yake yi.

A ganina abu uku ya kamata a tilasta wa kowane kanti. Na ɗaya, ya bayyana adadin shaidun da ya karɓa da adadin da ya ƙi bugawa, tare da dalili. Na biyu, wanda aka ƙi buga tasa a sanar da shi, a kuma ba shi hanyar ɗaukaka ƙara. Na uku, a bar masu bincike na waje su riƙa duba rariyar lokaci-lokaci, kamar yadda ake binciken mudu da sikeli a kasuwa.

Kafin a kai ga haka, ɗalibai su yi amfani da abin da suka koya a aji. A duba yawan masu shaida kafin a duba makin, domin tauraro 5 daga mutum 4 bai kai tauraro 4 daga mutum 400 ƙarfi ba. A karanta masu tauraro 2 da 3, don galibi su ne ke faɗin aibi da alheri tare. A lura da ranaku: yabo 50 da suka zubo cikin kwana biyu da kalmomi iri ɗaya abin tuhuma ne. A kuma tabbata cewa kayan da ake yabo su ne waɗanda ake tallatawa. Malamai kuwa suna iya mai da wannan aikin aji: kowane rukuni ya zaɓi haja ɗaya, ya ƙirga taurarinta, ya zana jadawali, sannan ya amsa tambayar da kowane mai bincike kan yi wa samfurinsa, wato su wa aka bari a baya, kuma wa ya bar su? Yaron da ya saba da wannan tambaya a kan takalmi da wayar hannu, zai yi ta gobe a kan magani da taki da alƙaluman gwamnati.