GYARAN ƊAKIN KOYON LIKITA: HAƘƘIN TALAKA NE

Jama'ar Kawo, 'yan kasuwa da 'yan tasha, maganarmu ta wannan mako a kan wani ɗaki ce wanda yawancinmu ba mu taɓa shiga ba, amma lafiyarmu na rataye da shi. Shi ne ɗakin da masu koyon likita ke feɗe gawa don su san ginin jikin mutum, ƙasusuwan nan 206 da jijiyoyi da kayan ciki. Likitan da zai yi wa matarka aiki a Babban Asibitin Kawo ran da haihuwa ta zo da gardama, a irin wannan ɗaki ya fara riƙe wuƙa. In bai koya can ba, a jikin talaka zai koya, don manya su kan hau jirgi su tafi Ingila ko Masar.

Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe makarantar likita a Zariya a 1967. An kafa Jami'ar Jihar Kaduna a 2004, asibitin koyarwarta kuwa sunan Dokta Barau Dikko ya ci, likita na farko ɗan Arewa. Majalisar likitoci ta ƙasa ba ta yarje wa makaranta sai ta duba ɗakunanta da kayan aikinta, sa'an nan ta yanka mata yawan ɗaliban da za ta ɗauka. Ashe ƙuncin ɗaki shi ne ƙarancin likitoci, ƙarancin likitoci kuwa shi ne dogon layin nan da kuke bi tun asuba.

To, amma gyara ba shafa fenti ba ne. Maganin da ke hana gawa ruɓewa, watau fomalin, tun 2004 masana na duniya suka sa shi cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji. Wa ya fi shaƙarsa? Leburorin ɗakin, 'ya'yan talakawa. Saboda haka duk ran da Gwamnati ta ware kuɗin gyara, a fara da injin zuƙe iska, da ruwan famfo, da teburan ƙarfe, da lantarkin da ba ya yankewa.

Sauran magana ɗaya mai nauyi. Gawar wa ake feɗewa? Galibi ta wanda ya mutu ba a sami danginsa ba ce. Bawan Allah ya rasa gata da ransa, ga shi ya zama malamin likitoci bayan ransa. Wajibi ne a yi cigiyar danginsa sosai tukuna, a rubuta shi cikin littafi, in an gama kuma a yi masa sutura a rufe shi da mutunci.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A tambayi malamai da leburori kafin a ba da kwangila, a kuma buga wa jama'a nawa aka ware, wa aka ba, yaushe zai gama. Kuɗin tikitinku na kasuwa ne da harajinku. In wakilanku sun zo neman ƙuri'a, ku tambaye su.